Ƙorafi Kan Korar Shafa'atu Muntari Saboda Tambayoyi Tara

Muntari Sambo,
Bayan Tsohuwar Tasha,
Jega, Jihar Kebbi.
Litinin, 25 ga Nuwamba, 2024.

Mai Girma Daraktan Ilimi na Shiyya,
Mai Kula da Makarantun Sakandare na Jega, Aliero da Maiyama.

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

GAME DA: KORAR ƊIYATA SHAFA'ATU MUNTARI, 'YAR AJI UKU NA BABBAR SAKANDARE, DAGA SAKANDAREN 'YAN MATA TA TUDUN GAWO, DA BUƊE GWANGWANIN TAMBAYOYIN ƊALIBAI BA TARE DA IZINI BA

An kori ɗiyata Shafa'atu, mai shekara goma sha bakwai, daga makarantar kwana ta 'yan mata da ke Tudun Gawo ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2024. Takardar korar ta ce laifinta "lalacewar tarbiyya". Hujjar da aka kafa ita ce ƙananan takardu tara, masu ɗauke da tambayoyi a kan balaga da mu'amala da maza, waɗanda aka samu da rubutun hannunta a cikin gwangwanin da malamar darasin rayuwar iyali da kiwon lafiya ta ajiye wa ɗalibai. Rubutun nata ne. Tambayoyin ba nata ba ne. Yau kwana talatin da biyar ba ta shiga aji ba, kuma makarantar za ta rufe rajistar jarrabawar kammala sakandare ranar Juma'a, 6 ga Disamba.

Ni ne mahaifinta. Na yi shekara goma sha tara ina aikin jarida kafin in koma sayar da taki da irin albasa a kasuwar Jega. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka faɗa mani kuma zan ambaci wanda ya faɗa. Ina roƙon Mai Girma Darakta ya yi haƙuri da tsawon bayanin.

1. Yadda darasin ya samo asali. A bara ƙungiyar iyaye da malamai ta amince a riƙa koyar da 'yan aji uku wannan darasi sau ɗaya a mako, bisa sharaɗi uku: mace ce za ta koyar, babu namiji a ajin, kuma abin da ya shafi haila da tsarki za a daidaita shi da malamar addinin Musulunci. Ina wurin taron. Ban so abin ba, sai da mai ɗakina Hamdiyya, mahaifiyar Shafa'atu, ta matsa mani na sa hannu. An ba Malama Murjanatu Isa, malamar ilimin halittu, mutuniyar Maiyama, alhakin darasin. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, ta kawo babban gwangwanin madara da ta huda murfinsa ta liƙe da salatif. Ta gaya wa ɗalibai sittin da biyu su rubuta duk abin da suke jin nauyin tambaya da baki, kada su sa suna. Ta yi masu alkawarin ita kaɗai za ta buɗe, ta amsa ranar Laraba mai zuwa. Wannan tsari yana rubuce a cikin shirin darasin da shugabar makaranta, Hajiya Rahma Nafi'u, ta sa wa hannu ranar 7 ga Oktoba. Na ga takardar.

2. Buɗe gwangwanin. Ranar Lahadi, 13 ga Oktoba, aka kwantar da mahaifiyar Malama Murjanatu a asibiti, ta nemi izini ta tafi Maiyama. Ta bar gwangwanin a kabad ɗinta na ɗakin malamai, a kulle. Washegari mataimakin shugabar makaranta mai kula da ladabtarwa, Malam Ismail Tamu, ya ɗauki ɗaya mabuɗin da ke ofis ya buɗe kabad ɗin, ya yanke salatif. Bai musa wannan ba da na tambaye shi. Ya ce duk abin da ke cikin katangar makaranta yana ƙarƙashin kulawarsa, kuma ya ji ɗalibai suna raɗa a kan gwangwanin. Ya samu takardu ashirin da uku. Ranar Talata ya sa aka tattara littattafan rubutu na ajin duka, ya kwashe yini biyu yana gwada rubutu da rubutu. Takardu goma sha huɗu an rubuta su da manyan baƙaƙe ko da hannun hagu, bai gane masu su ba. Sauran taran hannu ɗaya ya rubuta su. Ya sa masu lamba da jan biro, ɗaya zuwa tara.

3. Dalilin da ya sa rubutun ya zama nata. Wannan shi ne abin da ba a bincika ba, alhali kowace 'yar ajin ta san shi. Ɗalibai da yawa daga Katanga da Kimba da Sarandosa ba sa dawowa da wuri bayan hutun damina, sai an rage aikin gona a gidajensu. Wasu suna rasa mako biyu, wasu uku. Tun tana aji ɗaya Shafa'atu ke kwafe masu darussan da suka wuce su, domin rubutunta yana da kyau kuma tana da sauri. Akawu ake kiranta a makarantar, har malamai. Da na nemi a ƙirga, an samu rubutunta a cikin littattafan ɗalibai goma sha ɗaya ban da nata.

Ɗaliban sun san Malam Ismail yana gwada rubutu, domin ta haka ya gano wadda ta rubuta wata wasiƙa a zangon da ya wuce. Saboda haka tara daga cikinsu suka je wurin Shafa'atu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi tambayarta, ita kuma ta rubuta yadda aka faɗa mata. Lissafinsu shi ne tun da rubutunta yana cikin littattafai da yawa, ko an gwada ba za a iya nuna mutum ɗaya ba. Lissafi ne na yara. Sun manta kowa ya san mai rubutun. Ita Shafa'atu ba ta jefa tambaya tata ba ko ɗaya, ta ce lokaci bai ishe ta ba.

4. Taron safe na Juma'a, 18 ga Oktoba. A gaban ɗalibai fiye da ɗari huɗu, da malamai maza da mata, da masu gadi biyu, Malam Ismail ya karanta uku daga cikin takardun da lasifika. Sannan ya kira sunan ɗiyata ta fito gaba. Ya tambaye ta ko rubutunta ne, ta ce nata ne. Bai yi mata wata tambaya ba. An bar ta a tsaye har aka watse. Mai kula da ɗakunan kwana ce ta ba ni wannan labari, malamai biyu da suka roƙi kada in ambaci sunansu suka tabbatar. Ba a kafa kwamiti ba, ba a jira Malama Murjanatu ba, ba a kira ni ko mahaifiyarta ba sai da aka riga aka buga takardar kora.

5. Abin da na karanta. Ranar Talata, 22 ga Oktoba, na je makarantar. An ba ni minti goma sha biyar in duba takardun a ofishin shugaba, an hana ni kwafi, an hana ni ɗaukar hoto. Ina fita na zauna a bakin ƙofa na rubuta abin da na riƙe. Ina sanar da Mai Girma Darakta cewa mutum ɗaya ba zai iya zama mai waɗannan tambayoyi ba. Ta farko daga yarinyar da ba ta fara al'ada ba ce, tana tsoron ko ciwo gare ta. Ta uku ta ce shekara uku tana yi, tana tambayar yadda za ta yi wankan tsarki ranar da babu ruwa a famfon ɗakin kwana. Ta huɗu tana tambaya ko gaskiya ne hawa babur a bayan namiji yana sa ciki. Ta biyar ta fara da cewa uwarta ta rasu, ba ta da wadda za ta tambaya. Uwar Shafa'atu tana zaune a gefena lokacin da nake karantawa. Ta takwas a kan wata ƙwaya ce da ta ji ana sayarwa a kemis don saukar da jini, tana son sanin ko tana kashewa. Na nuna wa Malam Ismail wannan saɓani. Ya amsa cewa yarinyar da ta lalace takan sauya labari don ta ɓoye kanta.

Ko da tambayoyin nata ne, ban ga laifin da ke cikinsu ba. An ce da yara su yi tambaya, suka yi.

6. Sharaɗin da aka gindaya. A wannan zama Hajiya Rahma ta ce idan gaskiya ne wasu Shafa'atu ta rubuta wa, to ta kawo sunayen taran a rubuce, a mayar da ita aji a ranar. Da na tambayi abin da za a yi wa taran, Malam Ismail ya ce za a kira iyayensu, sauran kuma hukumar makaranta za ta duba.

A nan wajibi ne in faɗi nawa laifin. A cikin motar da ta dawo da mu Jega, da kuma kwana uku bayan haka, na matsa wa ɗiyata ta ba da sunayen. Na tuna mata da jarrabawa, na tuna mata da ƙannenta mata biyu da ke tasowa a garin nan da sunan gidanmu. Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. A rana ta huɗu ta ba ni amsa, zan kawo ta yadda ta faɗa: "Baba, kowacce sai da ta sa na ce wallahi kahin ta buɗa baki. Ni an riga an karanta ni gaban mutane. In na hwaɗi, su tara za a karanta." Daga ranar ban sake tambayarta ba. A shekarun da na yi a jarida, sau biyu aka tsare ni a ofis ana neman in faɗi wanda ya ba ni labari, ban faɗa ba. Ban tuna da wannan ba sai da ta gama magana.

7. Takarda ta shida. Ita ce babban dalilin da ya sa na rubuto, kuma ba ta cikin ukun da aka karanta a taron safe. Mai tambayar ta ce akwai wani babban mutum, na jikin gidansu, wanda shi ake aikowa ya ɗauke ta duk ranar hutu. Ta ce yana tsayawa da ita a hanya, yana taɓa ta inda bai kamata ba, tun bara. Ya gaya mata idan ta faɗa ita za a zarga. Layin ƙarshe na takardar na riƙe shi kalma da kalma: "Wa za ni hwaɗa ma wanda ba zai gaya ma babana ba?"

Hukumar makaranta ta ɗauki wannan takarda a matsayin mafi ƙarfin hujja a kan ɗiyata. Na shaida masu cewa tun daga aji ɗaya ni nake kai Shafa'atu nake ɗauko ta, kuma sa hannuna yana cikin littafin mai gadi a kowane hutu. Na roƙi a duba littafin. Ba a duba ba. Na ce idan ba ita ba ce, to akwai yarinya a cikin ajin nan da ake cuta, kuma ta nemi taimako ta hanyar da makaranta ta buɗe mata. Malam Ismail ya ce wannan ƙarin dalili ne na a kawo sunaye.

Shafa'atu ta san yarinyar. Ta ce ba za ta faɗa mani ba, ba za ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Ta yarda da abu ɗaya: a bar ta ta gana da yarinyar su biyu, ta roƙe ta, idan ta amince su je tare wurin Malama Murjanatu ko wata ma'aikaciyar lafiya mace. Wannan ba zai yiwu ba a yanzu. Takardar kora ta hana ta shiga harabar makaranta, ɗalibai ba sa riƙe waya, wasiƙun da ke shiga kuma ofishin Malam Ismail suke fara bi.

8. Abin da ya biyo baya a makaranta. Malama Murjanatu ta dawo ranar Laraba, 23 ga Oktoba, ta tarar da kabad ɗinta a buɗe. An ba ta takardar tuhuma kan "ƙarfafa wa ɗalibai maganganun banza", an karɓe darasin daga hannunta, kuma har yau ba a ba kowa ba. Ta nemi a ba ta takardun ashirin da uku ta amsa su a aji ba tare da suna ba, aka ƙi. Ta ce da ni ba ta taɓa karanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Daga bakina ta fara jin abin da ke cikin ta shida. Da na gama, ta tambaye ni ranar da za a ba da hutu.

Ranar Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna. Iyaye arba'in da ɗaya suka halarta. An kwashe awa biyu ana muhawara a kan ko darasin ya dace da tarbiyyarmu, aka yanke a dakatar da shi. Na nemi magana a kan takarda ta shida, shugaban taro ya ce ba ta cikin jadawali, kuma ba maganar da za a yi a gaban jama'a ba ce. Wani uba daga Kimba ya ce da ni a waje, cikin ladabi, in gode Allah da aka gano matsalar ɗiyata da wuri. Ban san ko ɗiyarsa tana cikin taran ba. Shi ma bai sani ba.

9. Halin da yarinyar ke ciki. Labarin ya riga mu isa Jega. A kasuwa ana cewa ciki aka same ta da shi. Mahaifiyarta ta daina zuwa suna da biki. Ranar 30 ga Oktoba na kai Shafa'atu Aliero wurin yayata, wadda yarana suke kira Goggo, tana taya ta tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga rumbu. Tana cin abinci, tana salla, ba ta kuka. Littattafanta suna cikin jaka yadda aka fito da su daga makaranta. Goggo ta ce makon jiya ta miƙa mata biro ta rubuta lambar wayar wani direba, ta ƙi karɓa, ta haddace lambar ta riƙa maimaita mata. A kowace jarrabawar zango tun aji ɗaya ba ta taɓa sauka ƙasa da ta huɗu ba. Kwafin sakamakon yana haɗe da wannan takarda.

Ban taɓa zama da ɗiyata na yi mata bayanin ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikin takardun nan ba. Mahaifiyarta ta ce ita ma kaɗan ta faɗa mata, kuma a gurguje. Ina zaton haka yake a yawancin gidajen da yaran nan suka fito. Na shiga taron bara ina ganin darasin ba shi da amfani. Na karanta tambayoyi tara cikin minti goma sha biyar, ban ga wadda yarinya za ta iya kawo wa ubanta ba.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon Mai Girma Darakta:

(a) Ya ba da umarnin soke takardar kora ta 21 ga Oktoba, a mayar da Shafa'atu Muntari aji, a yi mata rajistar jarrabawa kafin Juma'a, 6 ga Disamba, ba tare da sharaɗin ambaton sunan kowa ba.

(b) Ya aiko jami'a mace ta karɓi takardun ashirin da uku daga ofishin mataimakin shugaba, ta gwada taran da juna, ta duba littafin mai gadi da littattafan rubutu goma sha ɗaya da na ambata.

(c) A wanke ta a wurin da aka kunyata ta, wato a taron safe, da lasifikar da aka yi amfani da ita.

(d) A janye tuhumar da aka yi wa Malama Murjanatu Isa, a bar ta ta amsa tambayoyin kamar yadda ta yi wa ɗalibai alkawari. Ko darasin zai ci gaba bayan haka, na bar wa ofishinka da iyaye.

(e) A binciki ikon da aka dogara da shi wajen buɗe kabad ɗin malama da gwada rubutun ɗalibai. Ba na neman a kori kowa daga aiki. Ina neman a rubuta a wani wuri cewa ba a yin haka.

(f) Idan duk waɗannan za su ɗauki lokaci, ina roƙon abu ɗaya kada ya jira: a ba ɗiyata izinin shiga makarantar na awa ɗaya, tare da Malama Murjanatu da ma'aikaciyar lafiya mace, a bar ta ta zauna da 'yan ajinta duka ba tare da wani ya tsaya yana lura da wadda za ta keɓe da ita ba. Zan kawo ta da kaina in jira a bakin ƙofa.

Na haɗa kwafin takardar kora, da sakamakon jarrabawarta na zango shida, da abin da na rubuta a bakin ƙofar makaranta ranar 22 ga Oktoba. Ban kai wannan magana gidan jarida ko rediyo ba, duk da na san hanya, domin sunan yara goma ne a ciki. A shirye nake in bayyana a ofishinka duk ranar da aka neme ni.

Ina ƙara sanar da Mai Girma Darakta cewa makarantar za ta ba da hutun ƙarshen zango ranar Juma'a, 13 ga Disamba, kwana goma sha takwas daga yau. A ranar za a zo ɗaukar ɗalibai kamar yadda aka saba. Mai takarda ta shida tana cikinsu, kuma har yanzu ba wanda ya amsa mata.

Allah shi ƙara wa Darakta lafiya, shi yi masa jagora.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Muntari Sambo,
Mahaifin Shafa'atu Muntari, aji uku.